Noman lambu ba tare da ƙasa ba: Yadda yake da abin da yake buƙata

Noman lambu ba tare da ƙasa ba, wanda masana ke kira haidirofonik, hanya ce ta rainon shuka a cikin ruwan da aka narkar da abincinta a ciki, ko a cikin wani abu marar taki, kamar ɓawon kwakwa da ɓuntun shinkafa, a riƙa shayar da ita da wannan ruwa. A 'yan shekarun nan ya fara jan hankalin mazauna birane, musamman ma'aikatan da ke hangen ranar ritaya da 'yan kasuwar da ke neman inda za su juya rarar jari. Dalilin a bayyane yake: fili ya yi tsada a cikin gari, kayan gwari kuma sukan yi tashin gwauron zabo da zarar noman rani ya ƙare, ga shi wannan noma yana yiwuwa a tsakar gida ko a saman bene.

Sai dai akwai abin da masu tallar kayan aikin ba su cika faɗa ba. Ƙasa tana yi wa shuka hidimomi da dama ba tare da an biya ta ba. Tana riƙe ta kada ta faɗi, tana adana mata ruwa, tana ba ta abinci kaɗan-kaɗan, tana barin iska ta kai ga saiwa, tana kuma kare saiwar daga zafin rana. Duk wanda ya kawar da ƙasa ya ɗora wa kansa waɗannan hidimomi baki ɗaya, kullum ta Allah, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Fahimtar wannan ita ce ke raba wanda zai ci riba da wanda zai wayi gari ya tarar da jarinsa ya yi yaushi.

Me shuka ke ci?

An daɗe ana zaton shuka ƙasa take ci. Wani masani ɗan yankin da yake ƙasar Beljiyam a yau, Jan Baptist van Helmont, shi ne ya gwada wannan zato. Ya dasa ƙaramar bishiya mai nauyin kimanin kilo biyu a cikin tukunyar da ya zuba wa busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90, ya yi shekara biyar yana ba ta ruwa kawai. Da ya auna, bishiyar ta kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rage bai wuce giram 60 ba. An buga sakamakon a shekarar 1648, bayan rasuwarsa. Shi ya ɗauka ruwa ne ya zama itace. Daga baya aka gano cewa mafi yawan jikin shuka daga iska yake fitowa. Ganye na zuƙar iskar kabon, ya haɗa ta da ruwa da taimakon hasken rana, ya samar da sukarin da ake gina kara da saiwa da 'ya'ya da shi.

Ɗan abin nan da ƙasar ta rage shi ne sinadaran da saiwa ke tsotsa, kuma sai sun narke a ruwa take iya tsotsarsu. Wajen shekarar 1860 wasu masana biyu na ƙasar Jamus, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka nuna cewa idan aka narkar da waɗannan sinadarai a ruwa, shuka za ta girma har ta yi iri ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Abin ya zauna a ɗakunan gwaji har zuwa 1929, lokacin da William Gericke na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya fara kiran a mayar da shi sana'a. Shi ne kuma ya yaɗa sunan haidirofonik a 1937. A 1938 abokan aikinsa Dennis Hoagland da Daniel Arnon suka fitar da haɗin sinadaran da har yau ake koyi da shi. Sun kuma yi gargaɗin cewa shukar ruwa ba ta fin ta ƙasa mai kyau yabanya idan duka biyun sun sami kulawa ɗaya.

Sinadarai 17 ne masana suka tabbatar shuka ba ta rayuwa sai da su. Uku daga ciki, wato kabon da haidirojin da oksijin, daga iska da ruwa take samunsu. Shida tana buƙatarsu da yawa: naitirojin, wanda ke sa ganye ya yi kore shar; fosfaros, na saiwa da fure; fotashiyam, na ingancin 'ya'ya da juriya; kalsiyam, mai ƙarfafa jikin shuka; magnisiyam, wanda ke tsakiyar sinadarin da ke ba ganye launinsa; sai salfa. Sauran takwas ɗin ɗan mitsitsi ake buƙata, kamar gishiri a miya: ƙarfe, manganis, zinki, tagulla, boron, molibdinam, kilorin da nikel. Akwai ƙa'idar da aka sani da sunan Justus von Liebig, wadda ke cewa sinadarin da ya fi ƙaranci shi ke iyakance girman shuka, komai yawan sauran. A gona, ƙasa kan rufa wa manomi asiri ta cike giɓin ƙananan sinadaran. A cikin tanki kuwa, abin da ba a zuba ba babu shi.

Saiwa ma numfashi take yi

Kuskuren da ya fi kashe shukar sabon shiga shi ne mantawa da cewa saiwa tana buƙatar iskar oksijin kamar yadda hanci ke buƙatarta. Da ita take samun ƙarfin tsotsar abinci. Shi ya sa masarar da ruwa ya kwanta mata a gona take yin ɗorawa ta mutu, alhali tana tsaye a cikin ruwa.

Ruwa yana riƙe iska kaɗan ne, kuma iya ɗuminsa iya raguwarta. A digiri 20 na ma'aunin Salsiyas, lita ɗaya tana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin. A digiri 30 ya sauko zuwa kusan 7.5, a daidai lokacin da saiwa ke ƙara buƙatarsa saboda zafi. Lafiyayyar saiwa fara ce tas, mai gashi-gashi, ba ta wari. Idan ta koma ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, tana tashin warin ruɓa, to iska ta yi mata ƙaranci, kuma wata cuta da ake kira Fitiyam, mai son ruwa mai ɗumi, ta sami ƙofa. Duk hanyoyin da ake bi a wannan noma dabaru ne na haɗa wa saiwa ruwa da iska a lokaci ɗaya.

Hanyoyi huɗu da aka fi bi

Ta farko, kuma mafi sauƙi, ita ce hanyar Kratky, wadda ta samo sunanta daga Bernard Kratky na Jami'ar Hawayi. Ana cika bokiti ko baho da ruwan abinci, a rufe da murfi mai huji, a ɗora dashen a cikin ɗan kofi mai ramuka yadda ƙasansa zai taɓa ruwan. Yayin da shukar ke sha, ruwan na sauka, sai a sami sarari tsakaninsa da murfin. Saiwoyin da ke cikin wannan sarari su ke shaƙar iska, na ƙasa kuma su sha ruwa. Ba ta buƙatar wuta ko famfo. Kan latas guda yakan ƙare rayuwarsa da lita huɗu zuwa shida. Sharaɗinta ɗaya ne: idan za a ƙara ruwa, kada a cika shi har ya nutsar da saiwoyin sama, domin shukar za ta shaƙe.

Ta biyu ita ce ta ruwa mai zurfi. Ana ɗora shuke-shuken a kan farantin soso mai yawo a saman tafkin ruwan abinci, wata 'yar na'ura kuma tana hura iska a ciki dare da rana. Yawan ruwan yana sa ya daɗe bai ɗumama ba, kuma idan aka ɗauke wuta shukar kan jure wasu sa'o'i.

Ta uku ita ce ta bututu, wadda Allen Cooper ya ɓullo da ita a Ingila a shekarun 1960, kuma ita ce aka fi gani a hotunan talla. Ruwa siriri ne ke gudana a ƙasan bututun da aka ɗan karkata, kimanin lita ɗaya zuwa biyu a minti, yana lasar saiwa ya koma tanki. Tana da tsafta da kyan gani, amma ita ce ta fi haɗari a inda wuta ba ta da tabbas. Idan famfo ya tsaya da tsakar ranar bazara, saiwoyin kan bushe cikin ɗan lokaci, domin babu abin da ke riƙe musu laima. Bai kamata a kafa ta ba sai da sola da batiri, da kuma famfo na biyu a ajiye.

Ta huɗu ita ce ta buhu ko bokiti, wadda ta fi dacewa da tumatir da kokwamba da tattasai. Ana cika buhun leda da ɓawon kwakwa da aka niƙa, ko ɓuntun shinkafa da aka babbaka sama-sama, ko haɗinsu da yashi mai tsafta, a huda ƙasansa, a riƙa ɗiga masa ruwan abinci sau da yawa a rana. Abin da ke cikin buhun yana riƙe laima da iska, don haka yana yafe ƙananan kurakurai. Idan aka ɗora tanki a kan hasumiya, ruwan zai riƙa saukowa da kansa ko babu wuta. A wanke ɓawon kwakwa sosai kafin amfani, saboda yakan zo da gishiri. A kuma riƙa ba da ruwan da zai ishi buhun har kashi ɗaya cikin biyar ya tsiyaye ta ƙasa, don ya wanke gishirin da ke taruwa.

Haɗa ruwan abinci

Takin zamani na gona bai dace da wannan aiki ba. NPK 15-15-15 ba ya narkewa duka, yana barin laka mai toshe bututu, kuma babu tabbacin yana ɗauke da ƙananan sinadarai. Yuriya kuwa sai ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa sun sarrafa ta kafin shuka ta amfana da ita sosai, a cikin tanki kuma ba su da yawa. Abin da ake nema shi ne taki mai narkewa tas wanda aka yi domin wannan noma.

Haɗin da masu ƙaramin lambu suka fi amfani da shi abu uku ne: taki mai lamba 4-18-38 wanda ke ɗauke da ƙananan sinadarai, da kalsiyam naitiret, da magnisiyam salfet, wanda ake sayarwa da sunan gishirin Epsom. Ga tumatir, a kowace lita 100 ta ruwa ana zuba kimanin giram 60 na farkon, giram 60 na biyun, da giram 30 na ukun. Latas ya fi son a ɗan rage ƙarfin. A auna da sikeli, kada a yi kirdado da cokali.

Akwai ƙa'idar da ba a karya ta: ba a haɗa kalsiyam naitiret da sauran biyun suna da kauri. Idan suka haɗu a cikin ruwa kaɗan, kalsiyam zai kama salfa da fosfaros su zama farin gari kamar alli, su kwanta a gindin jarka, shuka ba za ta ƙara samunsu ba. Shi ya sa ake sayar da takin a jarka biyu, A da B. A narkar da kowanne daban, a zuba ɗaya a cikin tankin da aka riga aka cika da ruwa, a motsa sosai, sannan a zuba ɗayan.

Ma'aunai biyu da ba a rabuwa da su

Na farko shi ne pH, mai nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Duk mai girki ta san kanwa ke kashe tsamin miya. Wannan ma'auni shi ke faɗin inda ruwa ya tsaya tsakanin su biyun. Yana tashi daga 0 zuwa 14, lamba 7 ce tsakiya, ƙasa da ita tsami, sama da ita kanwa. Yawancin kayan lambu sun fi son 5.5 zuwa 6.5. Idan ya haura 7, ƙarfe da manganis da fosfaros sukan ƙi narkewa, sai shuka ta zauna da yunwa alhali abinci na gabanta. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan haka abin yake: saiwa da kanta tana sauya shi yayin da take ci, don haka dole a riƙa aunawa kullum ko bayan kwana biyu. Ana sauke shi da ɗigon asid na fosfaros. Ruwan lemon tsami yana yi na ɗan lokaci, amma ba ya ɗorewa. Asid ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a cikin asid, kuma a ajiye shi inda yara ba sa kaiwa.

Na biyu shi ne EC, mai nuna yawan gishirin taki da ke cikin ruwa. Latas yana son kimanin 1.2 zuwa 1.8, tumatir kuma 2.0 zuwa 3.5. Idan ya yi yawa, saiwa ta kasa jan ruwa, bakin ganye ya ƙone, shukar ta yi yaushi tana cikin ruwa. A lokacin zafi da lokacin iskar hunturu shuka tana shan ruwa fiye da yadda take cin abinci, sai abin da ya rage a tanki ya yi kauri. Maganinsa a ƙara ruwa zalla, ba taki ba. Wannan ma'auni jimilla kawai yake faɗa, ba ya nuna wane sinadari ne ya ƙare, saboda haka yana da kyau a zubar da tsohon ruwa a haɗa sabo bayan kowane mako biyu zuwa uku. Tsohon ruwan kuwa taki ne mai kyau ga bishiyoyin gida.

Kafin a sayi komai, a fara auna ruwan da za a yi amfani da shi. Wasu rijiyoyin burtsatse ruwansu yana da zartsi ko yawan kanwa. Idan EC ɗinsa tun kafin a sa taki bai kai 0.5 ba, ruwan yana da kyau. Idan ya doshi 1.0, sai a surka shi da ruwan sama, wanda shi ne mafi dacewa. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe don kilorin ya fita.

Zafi, babban ƙalubale a ƙasar Hausa

Yawancin littattafan wannan noma an rubuta su ne a ƙasashen sanyi kamar Holan, inda ake gina ɗakunan gilashi don tara ɗumi. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi, inda zafin watan Afrilu kan kai digiri 40, matsalar akasin haka ce. Rumfar leda da aka rufe ruf takan zama tanda. Abin da ya dace shi ne doguwar rumfa mai rufin leda da kafar fitar zafi a ƙololuwa, gefunanta kuma raga ce mai hana ƙwari, sannan a shimfiɗa ragar inuwa a sama idan bazara ta kama.

Saiwa ta fi jin daɗi idan ruwa yana tsakanin digiri 18 da 24. Don a kusanci haka, a binne tanki a ƙasa ko a ajiye shi a inuwa, a shafa wa bokiti da bututu farin fenti, a kuma toshe duk wata kafar da haske zai shiga, domin haske da taki su ke haifar da gansakuka, ita kuma tana cinye abincin da iskar.

Zafi yana taɓa fure ma. Tumatir yakan zubar da furensa idan zafin rana ya wuce kimanin digiri 32 zuwa 35, ko dare ya ƙi yin sanyi, saboda garin furen yana lalacewa. Wannan ne dalilin da ya sa noman tumatir a Kadawa da Kura da sauran filayen da ke shan ruwan madatsar Tiga ya fi albarka a lokacin hunturu, kuma cire ƙasa ba ya canza wannan ɗabi'a. Latas shi ma idan ya ji zafi sai ya miƙe ya yi tsiri ya yi ɗaci. Mai hikima yakan nemi iri mai jure zafi, ko ya huta da tumatir a tsakiyar bazara ya koma kan kokwamba da alayyafo.

A cikin rumfa babu iska mai kaɗa fure, babu ƙudan zuma. Furen tumatir yana ɗaukar kansa da kansa, amma sai an girgiza shi, don haka a riƙa bubbuga igiyar da aka ɗaure shi da ita da hantsi, sau uku a mako. A bar masa kara ɗaya, a riƙa cire 'yan rassan da ke fitowa a hammatar ganye tun suna ƙanana, kuma kada a wuce shuka biyu zuwa uku a kowace murabba'in mita.

Abin da ganye ke faɗa

Shuka tana iya kwashe wasu sinadarai daga tsofaffin ganye ta kai wa sababbi, wasu kuma ba ta iyawa. Wannan ya sa wurin da alama ta fara bayyana yake nuna abin da ya yi ƙaranci. Idan ganyen ƙasa ne ya koma ɗorawa gaba ɗaya, naitirojin ne. Idan ya yi ɗorawa amma jijiyoyinsa suna kore, magnisiyam ne. Idan bakinsa ya ƙone, fotashiyam ne. Idan kuwa sabon ganyen sama ne ya fito fari-fari da koren jijiya, ƙarfe ne, kuma sau da yawa laifin pH ne da ya haura, ba rashin ƙarfen a tanki ba.

Baƙin tabon da ke fitowa a gindin tumatir da tattasai ba cuta ba ce, don haka feshin magani ba ya warkar da shi. Kalsiyam ne bai kai ga 'ya'yan ba. Ruwa ne ke ɗauke da shi zuwa sassan shuka, kuma a ranar zafi ganye ke janye mafi yawan ruwan. Shayarwa a kan kari, da rage kaurin taki, da inuwa su ne maganinsa.

Ƙwari da cututtuka

Babbar fa'idar wannan noma ita ce kuɓuta daga cututtukan da ke zaune a cikin ƙasa, kamar tsutsar da ke sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu da cutar da ke sa tumatir yin yaushi farat ɗaya a damina. Sai dai ƙwari masu tashi ba ruwansu da ko akwai ƙasa ko babu. Manoma ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta, wadda suke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa kuma ya tsaya saboda rashin kaya. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake, ya shiga Sifaniya a 2006, daga can ya bazu. Macen na iya yin ƙwai sama da 200, tsutsar kuma cikin ganye take shiga, inda feshi ba ya kai mata da sauƙi. Akwai kuma farin ƙuda, mai yaɗa cutar da ke sa ganyen tumatir ya nannaɗe ya tsumbure.

Rigakafi ya fi magani: raga marar yagewa, ƙofa biyu a jere yadda ba za a buɗe su lokaci ɗaya ba, tarkon takarda mai danƙo, da duba bayan ganye kowace safiya. Kada a shigo da dashe daga gonar da ba a sani ba. A cire shukar da ta kamu a ƙone ta, kuma a tuna cewa a inda ruwa ke zagayawa, cutar saiwa ɗaya takan isa ga kowace saiwa. Bayan kowane girbi a wanke tanki da bututu da ruwan bilic, a ɗauraye sosai.

Me ya kamata a shuka?

Gero da dawa da masara ba su biyan kuɗin wannan noma. Gona ce wurinsu. Abin da ke biya shi ne kaya mai daraja da saurin nuna: latas, wanda ake girbewa kimanin wata guda bayan dashe, da kokwamba, da tattasai mai launi, da na'a-na'a, da tumatir, wanda ke fara nuna bayan wata biyu zuwa biyu da rabi. A fannin samar da iri ma an ga amfaninsa, domin cibiyar IITA da ke Ibadan tana amfani da irin waɗannan dabaru wajen ninka irin doya da rogo mai tsafta.

Lissafin kasuwa shi ne gaba da komai. Wanda ya fito da tumatir ɗinsa a watan Fabrairu, lokacin da kwanduna suka cika Kwanar Gafan da 'Yankaba, ba zai iya gogayya da manomin fadama ba. Ribarsa tana cikin watannin damina, lokacin da kaya ke ƙaranci, da kuma masu saye na dindindin irin su otal-otal, gidajen abinci da manyan kantuna, waɗanda ke biyan tsafta da cika alkawari. A sami mai saye kafin a zuba iri. A cikin lissafi kuma a sa kuɗin taki, wanda yawancinsa daga waje ake shigo da shi, da wuta, da canjin leda da raga bayan 'yan shekaru, da ladan wanda zai tsaya a kan aikin.

Akwai masu tsirar da hatsi a faranti na tsawon mako guda don ciyar da dabbobi. Nauyin da ake gani ya ƙaru yawancinsa ruwa ne, kuma hunhuna na saurin kama shi a wuri mai ɗumi. Abin da ya fi muhimmanci, tsiron dawa yana ɗauke da guba mai iya kashe dabba, kamar yadda makiyaya suka sani game da ƙaramar dawa da gyauronta, saboda haka ba a amfani da ita a wannan aiki.

Ga mai son farawa

Bokiti goma na latas a hanyar Kratky da buhu goma na tumatir sun isa makaranta. Tare da su a tanadi sikeli, da ma'aunin pH, da na EC, da littafin da za a riƙa rubuta awon kowace rana da yawan ruwan da aka ƙara. Babban tumatir guda yakan sha lita biyu zuwa uku a ranar zafi, don haka a lissafa ko ruwan gidan zai ɗauki nauyin adadin da ake buri. A bar wannan ƙaramin lambu ya ratsa hunturu da bazara da damina, domin kowane lokaci da irin darasinsa. Ma'aikacin da ke fita tun safe sai yamma, ko ɗan kasuwar da ke yawan tafiya, ya fara tanadar wanda zai duba tanki da tsakar rana kafin ya tanadi rumfa. Wanda ya cika shekara yana aunawa yana rubutawa, littafinsa ne zai gaya masa ko ya faɗaɗa ko ya tsaya a kan na miyar gida.